Yadda Ake Nome Ciyawa Tsakanin Layukan Masara, Dawa da Gero da Garmar Shanu

Ciyawar da ta fi wahalar da manomin hatsi ita ce wadda take dangi ɗaya da abin da ya shuka. Harƙiya, guɗe-guɗe, tuji, ƙarangiya, kyasuwa da gyazama duk 'yan gida ɗaya ne da masara da dawa da gero, ganyensu siriri ne, saiwarsu kamar gashi a saman ƙasa, kuma suna shan ruwa da taki a daidai wurin da hatsi yake sha. Wannan dangantaka ce ta sa maganin feshi ba ya raba gardama yadda mutane suke zato. Atirazin, maganin da aka daɗe ana fesawa a gonakin masara, ya fi ƙarfi a kan ciyawa mai faɗin ganye, gyazama kuwa sau da yawa tana tashi a bayansa kamar ba a fesa komai ba. Maganin nikosalfuron yana kashe ciyawa mai siririn ganye a cikin masara, amma idan ya sauka a kan dawa ko gero sai ya haɗa da su. Saboda haka mai dawa da mai gero ba su da abin dogaro da ya wuce ƙarfe, kuma ƙarfen da shanu ko jaki ko ƙaramin inji suke ja tsakanin layuka shi ne hanyar da mutum ɗaya zai gama gonarsa kafin ciyawa ta sha gabansa.

Tun cikin shekarun 1920 aka fara shigo da noman shanu arewacin Najeriya, amma har yanzu da yawa daga masu shanun huɗa ba sa fito da su sai lokacin tada kunya, sannan su koma ga fartanya da 'yan ƙwadago a noman firi da maimai, a daidai lokacin da kowa yake neman ma'aikata kuma kuɗin aiki ya yi tsada. A ganina wannan asara ce babba, domin shanun suna tsaye a turke suna cin abinci alhali aikin da ya fi kowane gaggawa yana jiran su.

Aikin yana farawa ranar shuka

Garma ba ta da ido, duk abin da ta tarar a gabanta sai ta tsige shi. Idan layi ya karkace, ko faɗin tsakanin layuka ya bambanta daga wannan kunya zuwa waccan, to a wuri guda za ta bar ciyawa, a wani wurin kuma ta kwashe shuka. Don haka mataki na farko shi ne a kafa turaku a bakin gona, a ja igiya, a yanke sanda mai tsawon santimita 75 a riƙa auna tsakanin kowane layi da na kusa da shi, a farkon gona da tsakiyarta da ƙarshenta. Santimita 75 tsakanin layuka da 25 tsakanin ramuka, tsiro ɗaya a rami, shi ne abin da aka fi ba masu masara shawara, kuma yana ba da tsiro kusan 53,000 a hekta. Dawa ma tana zama lafiya a kan wannan faɗi. Wanda yake shuka a kan kunya ba ya bukatar igiya a kowane layi, amma dole ne kunya ta farko ta miƙe sosai, domin sauran duk ita za su bi, kuma a riƙa sanya iri a tsakiyar doron kunya, kada ya zame zuwa gefe.

Masu gero a jigawa, musamman a yankunan Maraɗi da Damagaram inda ake barin kusan mita ɗaya tsakanin rami da rami ta kowace fuska, suna da wata dama da mai masara ba shi da ita. Idan aka daidaita ramuka ta tsawo da ta faɗi, ana iya bin gonar daga gabas zuwa yamma, sannan a gitta ta daga kudu zuwa arewa, ba abin da zai rage wa hannu sai ɗan abin da yake gindin kowace shuka.

A bar fili kamar mita biyu zuwa uku a ƙarshen layuka inda shanu za su juya ba tare da tattake shuka ba, a tumɓuke kututture da saiwoyin sabara da kalgo da za su iya karya bakin garma, kuma idan gonar tana da gangara layuka su gitta ta, kada su bi ta, don kada kwarin da aka sassauta ya zama hanyar zaizaya. Mai haɗa hatsi da wake kuma ya yi tunani tun yanzu, domin waken da aka warwatsa a tsakiyar kwari ya toshe hanyar garma. Ko dai a jinkirta shi sai an gama noma na ƙarshe, ko a ba shi nasa layukan, kamar tsarin layi biyu na hatsi da huɗu na wake da cibiyar binciken noma ta IITA ta yaɗa daga Kano.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne kada ciyawa ta riga hatsi tsirowa. Gonar da aka huɗe aka bar ta kwana biyar kafin shuka, ciyawarta ta yi wa shuka ratar kwana biyar, kuma wannan rata ba ta rufuwa. A shuka ranar da aka gyara ƙasa ko washegari.

Kayan aiki da yadda ake saita su

Garma iri biyu ake amfani da su. Ta farko ita ce garmar huɗa da kowa ya sani, mai kunnuwa biyu, wadda take bin kwari tana watsa ƙasa dama da hagu. Ta biyu ita ce mai haƙora uku ko biyar, kowane haƙori da baki mai faɗi, siffar ƙafar agwagwa, wanda yake tafiya kwance a ƙarƙashin ƙasa yana yanke ciyawa ba tare da ya juya ƙasar ba. Wannan ta biyu ta fi yawa a Nijar da Burkina Faso da Senegal, kuma ita ce ta fi dacewa da gonar da aka shuka a baje da kuma noman farko, lokacin da tsiro yake ƙarami ba zai jure a tula masa ƙasa ba. Maƙeri ko mai walda da ya ga samfuri zai iya ƙera bakunan daga tsohon ƙarfen sifirin na mota.

Faɗin da garma za ta ci shi ne abin da ya kamata a auna da ma'auni, kada a bar shi ga ido. A layi mai santimita 75, a bar kamar santimita 10 ta kowane gefe a noman farko, wato garma ta ci 55. Wannan yana nufin kusan kashi uku cikin huɗu na gonar ƙarfe ne zai nome shi. Bakunan kuma su ɗan haɗe da juna, na baya ya shiga sawun na gaba da kamar santimita 3 zuwa 5, domin idan aka bar rata a tsakaninsu za a ga siririn layin ciyawa ya tsira daga farkon gona har ƙarshenta, kuma ciyawa mai siririn ganye ta ƙware wajen lanƙwasawa ta zame ta gefen ƙarfe. Mai garmar huɗa kaɗai, idan irin wadda kunnuwanta suke motsi ce, sai ya tsuke su a noman farko, ya buɗe su a na biyu.

Kafin a tafi gona a ɗora garmar a kan daɓe ko ƙasa mai laushi da ta daidaita, a duba ko duk bakunan suna taɓa ƙasa tare, tsininsu ya ɗan sunkuya kaɗan. A sa katako mai kaurin santimita 4 a ƙarƙashin tayar gaba a ɗaure ta a nan, wannan shi ne zurfin da garma za ta shiga. A wasa bakunan da magagari, domin dakusasshen baki jan ciyawa yake yi yana tara ta, ba yanke ta ba, kuma yana gajiyar da shanu. A tafi da sifana da noti biyu ko uku a aljihu.

Karkiyar noma ta fi ta huɗar farko muhimmanci wajen awo. Garma tana tsakiyar kwari ɗaya, sa na dama yana kwarin dama, na hagu yana kwarin hagu, don haka tsakanin wuyan sa da wuyan ɗan'uwansa dole ya zama faɗin layi biyu, wato santimita 150 a layi mai 75. Gajeriyar karkiya takan tilasta wa shanu hawa kan shuka komai ƙwarewarsu. A sanya musu takunkumi na igiya ko na kaba, saboda san da yake miƙa wuya ya fizgi ganyen masara ba zai miƙe a layi ba. Jaki ɗaya ko raƙumi yana iya jan ƙaramar garma mai haƙora uku a jigawa, yana tafiya cikin kwarin da ake nomewa. Shanun da ba su taɓa shiga cikin shuka ba a koya musu a fili tukuna, a kafa layukan kara su saba bi ta tsakaninsu.

Lokacin shiga gona

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa, kuma nan ne ya kamata a tsaya a fahimci yadda ciyawa mai siririn ganye take rayuwa. Idon da take tsirowa daga gare shi ba a saman ganye yake ba, yana can gindi daidai da fuskar ƙasa ko ƙasa da ita kaɗan. Shi ya sa dabba take cinye ta ta sake tohowa, shi ya sa kuma garmar da ta aske ganye ta bar gindi ba ta yi komai ba. Lokacin da take da ganye ɗaya zuwa uku, saiwarta 'yar siririya ce fara, ana girgiza ƙasar ta rabu da ita, rana ta ƙarasa ta cikin sa'o'i kaɗan. Da zarar ta wuce haka ta fara fitar da 'ya'ya a gindi, sai ta kafa dunƙulen saiwa mai riƙe ƙasa, garma ta tumɓuke ta da ƙasarta ta ajiye ta a gefe kamar an yi mata dashe. Harƙiya ma har a gaɓoɓin jikinta take fitar da saiwa duk inda ta taɓa danshi.

Saboda haka ranar shiga gona ba kalanda ce take faɗa ba, ciyawar ce. Galibi takan kama tsakanin kwana 10 zuwa 20 bayan shuka, lokacin da layin hatsi ya fito sarai har mai riƙe da garma yana ganin sa daga nesa, kwari kuma ya fara yin kore-kore kamar an barbaɗa masa wani abu. Mutumin da ya tsaya a bakin gona a wannan lokaci zai ce ai babu ciyawar da za a nome. Ya durƙusa ya shafa ƙasa da tafin hannu, zai ga fararen zare-zare masu yawa a tsakanin yatsunsa, to waɗannan su ne ciyawar da za ta rufe gonar nan da mako biyu. Makonni shida na farko su ne lokacin da hatsi ba ya jure kishiya, kuma abin da ya rasa a cikinsu noman baya ba ya mayar masa.

Yanayin ƙasa da na sama su ne sharaɗi na biyu. A ɗebi ƙasa a dunƙule a hannu, idan ta dunƙule kuma ta wargaje da an taɓa ta da yatsa, ta yi daidai. Idan tana manne wa hannu a jira ta tsane, wanda a jigawa yini ɗaya ya isa, a laka kuwa sai kwana biyu ko uku. Kuma a zaɓi safiyar da ake sa ran rana za ta buɗe. Wata damina na nome rabin gonar dawa da yamma, hadari yana haɗuwa a gabas, don ina ganin gara in rage aiki. Ruwa ya sauka bayan magariba, bayan kwana huɗu na koma na tarar harƙiyar da na tumɓuke ta miƙe tsaye a inda ta faɗi, ta fi ta da kore, sai da na sake biyan 'yan ƙwadago a kan wurin. Sauran rabin da na nome da hantsin rana mai zafi bai sake neman hannu ba sai a maimai.

Cikin gona

A fara da sassafe, bayan raɓa ta ɗan ɗauke, mutum ɗaya yana riƙe da garma, ɗaya yana jan shanu ta gaba idan ba su gama sabawa ba. Bayan taku goma ko ashirin a tsaya a waiwaya. A tona ƙasar da aka bi da yatsu har a taɓa inda ƙarfe ya tsaya, a tabbata zurfin yana tsakanin santimita 3 zuwa 5. A ja ciyawa biyu ko uku daga cikin waɗanda suke tsaye, idan sun taso ba turjiya an yanke su, idan sun riƙe to garma tana bi ta samansu, a ɗaga taya kaɗan. A duba tsiron hatsi ko ƙasa ta binne zuciyarsa, idan ta binne a rage sauri ko a tsuke faɗi. Wannan tsayawa ta minti biyar ita ce take raba aikin kirki da ɓarna, kuma a maimaita ta duk inda ƙasar gona ta sauya daga yashi zuwa laka.

Kada a yi sha'awar zurfi. Garmar da ta nutse santimita 10 tana yanke saiwar hatsi, tana busar da danshi, tana tumɓuko ciyawa da ƙasa mai yawa a gindinta, sannan tana ɗago tsohon irin ciyawa da yake kwance a ƙasa zuwa inda zai samu haske ya tsiro. Ga kuma nauyin da take ƙara wa shanu ba dalili.

Mai riƙe da garma ya sa idonsa a layi ɗaya, na dama ko na hagu, ya kiyaye ratarsa da shi, kada ya riƙa kallon bakin garma. Idan tarkace ya taru a haƙora a tsaya a cire, domin haƙorin da ya naɗe ciyawa turin ƙasa yake yi. A ƙarshen layi a ɗaga garma ko a kwantar da ita gefe kafin shanu su juya. Hekta ɗaya mai layi 75 tafiya ce ta kilomita 13 da ɗoriya, wadda da juyawa da hutawa takan cinye safiya biyu ga shanu masu ƙoshi, don haka a tashi idan rana ta take, a shayar da su, a duba wuyansu ko karkiya ta goge shi.

Abin da ya rage a gindin shuka aikin hannu ne, kuma babu garmar da za ta ɗauke shi gaba ɗaya. A bi layin da fartanya ko ashasha a ranar ko washegari, a haɗa da rage tsiron da ya yi yawa a rami. Wannan ɗan zirin shi ne ya fi kusa da saiwar hatsi da takin da aka sa, ciyawar cikinsa ita ce ta fi cutarwa, kuma wanda ya nome kwari ya bar gindi ya yi wa ciyawar da ta rage sarari ne kawai.

Maimai da tada kunya

Bayan mako biyu zuwa uku, wato wajen mako na biyar ko na shida da shuka, sabuwar ciyawa za ta tsiro, hatsi kuma ya kusa kai gwiwa. Yanzu saiwarsa ta bazu cikin kwari, don haka a ƙara ratar da ake bari zuwa santimita 15 ta kowane gefe, kuma zurfi kada ya wuce na farko. A wannan karo ne garmar huɗa take nuna amfaninta. A zuba takin yuriya a gefen layi, a bi shi nan take da garma mai buɗaɗɗun kunnuwa, ƙasar da take watsawa ta rufe takin don kada ya bi iska, ta binne ƙananan ciyawar gindin shuka, ta kuma tokare karan kada iskar marka ta kwantar da shi. Binnewa tana kashe ciyawar da ƙasa ta rufe ruf, amma wadda kan ganyenta ya leƙo waje za ta fito, shi ya sa ko a nan ƙanƙantar ciyawa ita ce sharaɗi. Idan hatsi ya kai tsawon da karkiya take karya shi, lokacin shanu biyu ya wuce, sai dabba ɗaya ko hannu, kuma daga nan inuwar ganye ce take riƙe gona.

Mai ƙaramin injin huɗa ko tarakta ƙa'idarsa ɗaya ce da ta mai shanu. Tayoyin tarakta su kasance santimita 150 tsakaninsu don su bi kwari, kuma garmar ta ci adadin layukan da injin shuka ya shuka a tafiya ɗaya, ta bi sawunsa, domin tsakanin tafiya da tafiya faɗi yakan ɗan saɓa. Masu alkamar rani a Kadawa da kwarin Haɗeja da suke son nome ta da ƙarfe sai sun bar watsi sun koma shuka a layi mai faɗin santimita 20 zuwa 25, su bi ta da ƙaramar garmar turawa da hannu kafin ban ruwa, su bar ƙasa ta sha rana kwana ɗaya ko biyu sannan su saki ruwan.

Akwai ciyawar da wannan hanya ba ta gamawa da ita, kuma gara manomi ya san su. Ƙiri-ƙiri da tofa suna yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, duk guntun da garma ta yanke ta ja shi gaba sabuwar shuka ce, jiji kuma yana da 'ya'ya a ƙasa da suke sake tohowa. Wuraren da suke a nome su a ƙarshe, a kakkaɓe haƙoran garma kafin a fita, a tsince saiwoyin a kai bakin gona su bushe a ƙone, babban yaƙinsu kuwa a farkon rani ne, a tone ƙasar rana ta gasa su. Wuta-wuta tana manne da saiwar hatsi tun kafin ta leƙo, sai dai a tsige ta da hannu kafin ta yi iri. Shibra, wadda take kama da gero, tana zuwa ne cikin irin gero, a rami ɗaya suke tsirowa, maganinta zaɓen iri mai kyau da cire ta da zarar an gane ta.

Gyazama kuwa ba ta tsirowa lokaci guda, takan ci gaba da fitowa har bayan an tada kunya, ta yi tsawon da ya wuce mutum, ga ƙaiƙayin da yake hana ma'aikata shiga. Cikin watan Agusta a sa riga mai dogon hannu a zaga gonar layi-layi, a tumɓuke duk wadda ta tsira tun kanta bai nuna ba, a fitar da ita waje, a haɗa da wadda take kan iyaka da gefen hanya, domin 'ya'yanta gaɓa-gaɓa suke karyewa su zuba tun kafin girbi, kuma abin da ya zuba bana shi garma za ta tarar a kwari baɗi.